Ranar da Yaran Inji Suka Yi Mini Lissafin Kwano

Injin casar shinkafa nake da shi a wani ƙauye cikin ƙasar Kura. Mu tara ne: ni, da afareta mai kula da injin, da samari huɗu masu dako da shanya, da mata uku masu turara. Yawancin masu kawo mana aiki manoman Kadawa ne, masu noma da ruwan madatsar Tiga. A kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a jiƙa ta ta kwana, a turara a ganga, a baza a tamfol, sannan ta shiga inji.

Duk sirrin sana'ar yana wajen shanya. In rana ta yi mata yawa, inji ya kakkarya ta, mai ita ya tafi yana tsaki. In ba ta bushe ba, ta yi wari a buhu. Yaron da ke juya ta da ƙafa cikin zafin azahar shi ke riƙe da sunana a kasuwa, kuma shi ne mai ƙaramin rabo a cikinmu. Na daɗe da sanin haka, ban dai taɓa faɗa da bakina ba.

Ranar 3 ga Yuni, 2024, ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi, har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Mu da yake da baƙin mai muke aiki, ko a jikinmu. Amma rediyon afareta ba ta huta ba. A watan Yuli Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, maimakon 30,000 ɗin da aka tsayar tun 2019. Daga baya Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce na Kano 71,000 ne.

Wata ranar bayan la'asar sai na ga ma'aikatana sun jeru a bakin rumfa, har da matan.

"Maigida, magana muke tafe da ita," in ji afareta. "Ba mu ce ka ba mu na gwamnati ba. Amma jingar yini da take saya mini kwano biyu na gero, yau ɗaya ma sai an yi ciko."

Ni kuma sai na ɗauko doka, don na ji an bayyana ta: wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba babu shi a ciki, haka masu aikin jinga. Babbar cikin matan, sa'ar mahaifiyata ce, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, dokar ce za ta tuƙa wa jikokina tuwo?"

Na ce, "Yi haƙuri, Inna." Kunya ta hana ni ƙarawa.

Ni ma fa ba a kan tudu nake ba. Baƙin mai tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya bi sahu, darajar naira ta faɗi, bel da rariyar inji da ake shigowa da su daga waje suka gagari kundila. Sai dai ni in abu ya matse ni ina iya ƙara kuɗin casa. Su fa, wa za su ƙara wa?

Washegari na buɗe musu littafin lissafi, abin da ban taɓa yi ba. Muka kai isha'i ana ja-in-ja. Na ƙara jingar kowane buhu, na bar musu kuɗin dusa da buntu su raba, abincin rana kuma ya dawo wuyana. Na ƙara kuɗin casa kaɗan, mutum biyu suka yi fushi suka koma wani injin. Ɗaya ya dawo bayan sati uku da tafin hannu cike da karyayyiyar shinkafa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Da kaka, in aiki ya kankama, afareta yakan haura abin da gwamnati ta yanka. In shanshera ta yi wuya kuwa, masu shanya ko kusa ba sa zuwa, wannan kuma har yau yana ci mini rai. Gwamnati ta ce duk shekara uku za ta sake duba nata. Inna ta ce ita ba za ta jira shekara uku ba, duk girbi za a zauna. Na rani ya kusa, har ta fara tambayar inda na ajiye littafin.