Ƙofar da ke cijewa ba kullum ce mai laifi ba

Yawancin masu kirana kan ƙofa da magana ɗaya suke tarbata: "Malam kafinta, ɗan fere mana ita kawai." Ni kuwa ba na taɓa katako sai na san abin da ya sa ta cije. Tun ina yaron shago na koyi haka. Wata rana na ɗauko abin fira zan afka wa wata ƙofa, maigidana ya karɓe shi daga hannuna, ya miƙo mini alli. Ya ce in goga a gefenta, in rufe, in buɗe, in ga inda allin ya manne a jikin firam. Daga nan ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta taso daga kusurwar firam ɗin ta sama, ta yi gicciye ta nufi rufi. Ashe ƙofar lafiyarta ƙalau, gidan ne ya zauna ta gefe guda.

Har yau da allin nake farawa. Sai in kama ƙofar in ɗan ɗaga ta. In ta yi wasa, sukurorin hinjin sama ne suka saki, aikin minti goma. In gefen gaba ɗaya ne ke gogawa, kuma da damina abin ya fara, katako ne ya sha danshi ya kumbura. Amma in tazarar da ke tsakanin ƙofa da firam, wadda ya kamata ta tsaya wajen milimita 3 ko'ina, ta buɗe a wannan kusurwa ta matse a waccan, sai in auna firam ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu a gicciye. Awon ya saɓa, to gini ya motsa. Ƙasar laka ta fi yin wannan: ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, harsashi na bin ta. Shi ya sa nake fita in zagaya bango, ko ruwan indararo na kwanciya a gindinsa, ko famfo na yoyo, ko bishiya ta matso.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu aikin sha-yanzu. Su fere ƙofa son ransu, su karɓi kuɗi su wuce, ko fenti ba sa shafa wa wurin. Rani na zuwa ƙasa ta koma, sai ga giɓin da yatsa zai shige, harshen makulli ya daina kama raminsa. Sannan a nemo ni, ana kuma neman ragi wai ai ƙaramin aiki ne!

In motsin kaɗan ne kuma ya tsaya, nakan sa dogon sukuru a hinjin sama ya janyo firam, ko in cusa ɗan siririn kwali a bayan na ƙasa, in gyara mazaunin makulli. Fira ita ce ta ƙarshe, kaɗan-kaɗan ina gwadawa, in kuma rufe wurin da fenti har sama da ƙasan ƙofar. Tsagar bangon kuwa, nakan ja layi da fensir a ƙarshenta in rubuta kwanan wata. In mai gida ya ga ta wuce layin, ko tagogi ma sun fara cijewa, injiniyan gini nake ce masa ya kira kafin in sake ɗora hannu a ƙofar.