Tafkunan kuza da shafin da na bari babu hoto

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na tarihi ya ce kowa ya rubuta maƙala kan wani abu da ya canja kamannin garinsu. Ni haifaffen Jos ne, don haka kai tsaye na zaɓi kuza. Sai dai na roƙe shi alfarma ya bar ni in tsara aikin da hotuna: kowane shafi hoto ɗaya a sama, sakin layi ɗaya a ƙasa. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Na amince, amma kada ka rubuta mini abin da idona ya riga ya gani a hoton."

Wannan sharaɗin ya fi komai ba ni aiki. Duk wanda ya san unguwar Rayfield a Jos ya san tafkin nan mai ruwa kore shar, da tudun jar ƙasa a gefensa, inda amare da angwaye ke zuwa ɗaukar hoto. Na ɗauke shi da wayata da hantsi, ya fito gwanin sha'awa. To me zan ce a ƙasansa tunda an hana ni yabon ruwa? Sai na rubuta cewa rami ne da aka haƙa aka kwashe kuza, aka tafi ba a cike shi ba, ruwa ya taru a ciki. Irinsa suna nan birjik daga Bukuru har Barkin Ladi, da yawansu a kan ƙasar da 'yan ƙabilar Birom ke nomawa tun kaka da kakanni. Mai karatu zai kalli hoton ransa ya yi fari, ya sauko ya karanta, ya sake ɗaga ido, sai ya ga tafkin ba kamar ɗazu ba. Wannan komawar ta biyu ita nake nema a kowane shafi.

Wasu shafukan ba su wahalar da ni ba. Akwai na jirgin ƙasan da ya iso Jos daga Zariya a 1914 don kwasar kuza. Akwai na gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda na ambaci cewa a wurin haƙar kuza aka fara tono mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928.

A bakin wani rafi a wajen Bukuru na tarar da wata dattijuwa tana wanke kuza. Na ce, "Sannu da aiki, Mama, ko zan iya ɗaukar hoto?" Ta ce, "Ɗana, ɗauki hannu, bar fuska." Na durƙusa kusa da ita. Tana juya kwano a hankali, ruwa na tafiya da farin yashi, baƙin mai nauyi yana kwantawa a gindi, bai fi cikin tafin hannu ba. Fatar yatsunta duk ta yamutse saboda daɗewa a ruwan sanyi. A ganina babu hoton da ya kai wannan a duk aikin, kuma ita ta zaɓe shi, ba ni ba.

Shafi na bakwai shi ne na gidanmu. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya (yankin ƙasar Malesiya a yau), Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta ana tsakiyar yaƙi, sai aka shiga tara maza daga lardunan Arewa ana kawo su nan aikin tilas. Diban gwamna ake ce masa. Mahaifin kakata yana cikinsu, daga ƙasar Katsina. Na zauna da ita bayan sallar isha'i, ta ce, "Maigidana, Baba bai cika son zancen nan ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne sanyi, da kwanon sarki a ka tun asuba, da waɗanda suka zo tare ba su koma ba."

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Abokaina suka ce in ɗauko na leburori na zamanin Turawa a intanet in liƙa. Na ƙi, domin ba zan ɗora wa kakana fuskar wani bawan Allah da ban san sunansa ba. Na zana akwati mai girman sauran hotunan, na bar cikinsa fari, na sa maganar Kaka a ƙasa. Mai shagon buga takardu ma ya zaci injinsa ne ya tsallake, har ya ce zai sake bugawa kyauta.

Malam ya yi mini gyara a wurare da dama, musamman inda na cika kawo shekaru ba tare da na faɗi inda na samo su ba, amma shafin nan bai taɓa shi ba. Ranar da na gabatar a aji, wata 'yar ajinmu daga Barkin Ladi ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce gonar kakanninta tana ƙarƙashin ɗaya daga cikin tafkunan nan, kuma kawunta ya san iyakarta har yau. Mun yi da ita ranar Asabar za mu je, ni in riƙe waya, ita ta rubuta sakin layin.