Takardar haihuwa da lambar NIN a ƙauyukan ƙasar Daura

A ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua yawancin haihuwa a gida ake yi, a hannun ungozoma. Rana ta bakwai a raɗa suna, a yanka rago, kowa ya watse ba a rubuta komai ba. Sai yaro ya zo cike JAMB, wadda tun 2021 ba ta karɓar kowa sai da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, sannan a fara lalube.

Takardun nan a jere suke. Ta farko ita ce shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ce a yi rajista cikin kwana 60, kuma ana samun jami'in hukumar a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu asibitoci. Katin awo ko na rigakafi yana taimakawa wajen tabbatar da rana, amma ba ya maye gurbinta. Da shaidar haihuwar za a je wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a karɓi lamba mai alƙaluma 11. Yaron da bai kai 16 ba ana jingina shi ne da lambar uba ko uwa, idan ya cika shekarun ya koma a ɗauki yatsunsa. Rajistar farko kyauta ce, gyara ne ake biya.

Inda aka fi yin ɓarna wajen suna ne. Uwa ta kai ɗan fari, kunya ta hana ta ambaci sunansa, ta ce Babangida, jami'i ya rubuta hakan. A makaranta malami ya sa Muhammadu, banki ya sa Mohammed, wani wurin a liƙa masa sunan gari a matsayin na mahaifi. Kwamfuta kuwa harafi ɗaya ya bambanta, ta ɗauka mutum biyu ne. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a tafi da sunan yanka a rubuce, na yaro da na uba da na kaka, a kuma karanta abin da aka buga kafin a tashi daga kujerar.

Haka ranar haihuwa. In an ce "bayan ƙaramar Sallah ne", mai bugawa sai ya sa 1 ga Janairu ya huta. Da liman ko mai unguwa zai ajiye littafi guda, ya riƙa rubuta ranar Musulunci da ta boko a wurin suna, da an rage wannan wahala sosai.

Adireshi ma a cika shi: Sabon Gari da Tudun Wada sun yi yawa a Jihar Katsina mai ƙananan hukumomi 34, don haka a haɗa da gunduma da ƙaramar hukuma. Mutanen bakin iyaka irin su Kongolam su riƙe takardar shaidar asali mai sa hannun dagaci da hakimi, domin akan tsananta musu tambaya.

Manomi mai kaushin hannu ya wanke ya shafa ɗan mai kafin a ɗauki yatsunsa, mata kuma su bari lalle ya dusashe.