Ranar da na san gaskiya amma na buga sitam na miƙa magani

Jibi zan bar sashen zuciya bayan shekara shida ina zaune a tagar famasi da kuma ɗakin duba INR, wato gwajin da ke nuna yadda jini yake jinkirin daskarewa, abokan aiki sun ce in rubuta wani abu kafin in tattara komatsaina. To ga shi, amma wanda yake jiran godiya da yabo sai dai ya yi haƙuri, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai kuma shi zan amayar.

Wata baiwar Allah ce da ba ta kai shekara 35 ba, an sa mata bawul ɗin ƙarfe a maitiral, ɗaya daga cikin ƙofofin jini na zuciya, saboda ciwon zuciyar da zazzaɓin rumatik ya bar mata tun tana yarinya, ga kuma bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai. Muna ce masa na ƙarfe ne kawai, na zamani yawanci kabon ne, amma jini bai san wannan ba, da ya taɓa shi sai ya fara neman daskarewa. Tana kan wafarin, maganin hana daskarewar jini, kamar kowane mai irin wannan bawul, sai dai INR ɗinta ya ƙi zama wuri ɗaya, yau 1.8 bayan sati biyu 5 da wani abu, alhali na maitiral ana son shi tsakanin 2.5 da 3.5 ne. Ta gaji, mu ma mun gaji, hannunta duk tabon allura.

Rannan sai ga takardarta ta iso tagata an soke wafarin an rubuta afiksaban, ɗaya daga cikin sababbin magungunan hana daskarewar jini da ba sa buƙatar gwajin INR, da sa hannun babban oganmu. Na karanta sau biyu. Wallahi na sani, ba wai ina zato ba, na san binciken RE-ALIGN da aka wallafa a 2013, mutum 252 masu bawul ɗin ƙarfe aka gwada wa dabigatiran, shi ma sabon magani ne, da wafarin, aka tsayar da binciken tun bai ƙare ba saboda masu shan sabon maganin sun fi samun shanyewar ɓarin jiki kuma sun fi zubar jini, duka biyun a lokaci guda. Na ɗauki takardar na same shi a baranda yana tafe da tawagar ɗalibansa.

Na ce "Yallaɓai, wannan mai bawul ɗin ƙarfe ce fa."

Bai ko tsaya ba. Ya ce "Na san mara lafiyata. Wancan dabigatiran ne, wannan wani ne daban. Kai aikinka ka ba da magani."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai, ɗaya har da murmushi. Ni kuma na koma tagata, na ƙirga ƙwayoyin, na rubuta ɗaya safe ɗaya dare, na miƙa mata. Har godiya ta yi mini, ta ce "Malam Allah ya saka, yanzu na huta da tsirar allura ke nan?" Na ce eh. Wannan eh ɗin ne yake hana ni barci har yau.

Sati biyar ko shida aka dawo da ita a kan keken marasa lafiya, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Mijinta ne ya faɗi maganar da ban taɓa mantawa ba, ya ce da can in dare ya yi tsit yana jin ƙirjinta yana ƙas ƙas ƙas kamar agogon bango har ya saba yana barci da shi, amma kwana huɗu ke nan agogon ya dushe. Hoton zuciya ya nuna gudan jini ya riƙe murfi ɗaya daga cikin murafan bawul ɗin guda biyu. An yi ta fama da hefarin, allurar hana daskarewa, da maganin narkar da gudan jini, Allah ya yi da sauran kwana, amma wani ɗan guntu ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, hannunta na hagu har yanzu ba ya riƙe kofi sosai.

Da aka zauna taron duba abin da ya faru, sai ogan nan ya gyara zama ya ce ai famasi shi ne shinge na ƙarshe, me ya sa ba a ankarar da shi a rubuce ba. A rubuce! Ɗaliban da suka ji da kunnensu suna wurin, babu wanda ya yi tari. Ni aka ba takardar gargaɗi, shi kuma bayan wata biyu ya tsaya gaban jama'a yana lacca kan haɗarin sababbin magungunan ga masu bawul ɗin ƙarfe, har da tafi. Ba zan ce komai a kan wannan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a cikin rashin adalcinsa akwai gaskiya, sitam ɗina ne a kan takardar, kuma ina da ikon in ce ba zan bayar ba.

Daga baya na zauna da ita da kyau, zaman da ya kamata mu yi tun farko. Ashe duk sanda cikinta ya ɓaci Flagyl take sha, shi kuma yana hana jiki sarrafa wafarin sai INR ya yi sama, mu kuma sai mu rage mata ƙwaya, ta gama Flagyl ɗinta INR ya faɗo ƙasa, mu ƙara. Mu ne muke ta bin inuwa. Tambaya ɗaya ce ta warware abin da aka nemi a warware da canjin magani.

Shi ma zancen "wannan wani ne daban" lokaci ya ba shi amsa. A 2022 aka dakatar da binciken PROACT Xa, wanda ya gwada afiksaban ɗin kansa a masu bawul ɗin On-X na ayota, ƙofar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wato irin bawul ɗin da ake ganin ya fi kowane na ƙarfe ƙarancin tara jini, duk da haka gudan jini ya fi yawa a masu shan afiksaban. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, fuskar bawul ɗin tana tayar da daskarewa da ƙarfin gaske, sababbin magungunan ƙofa ɗaya kowanne yake tarewa, wafarin kuwa yana rage sinadaran daskarewa har huɗu, na 2 da 7 da 9 da 10. Tsohon magani ne da ya faro a matsayin gubar ɓera kafin a amince da shi ga mutane a 1954, ga fitinar gwaji ga rigima da sauran magunguna, amma a kan bawul ɗin ƙarfe har yanzu babu ƙwayar da ta karɓi kujerarsa.

Sauran a taƙaice, tunda kun san su. Mai bawul ɗin ayota in babu wata matsalar INR 2 zuwa 3 ya isa, kar a haɗa shi da na maitiral. Rifamfisin na tarin fuka yana faɗo da INR, fulukonazol na fangas da amiyodaron na daidaita bugun zuciya suna ɗaga shi. Mace mai shekarun haihuwa a yi mata zancen ciki tun kafin ta ɗauka, don wafarin yana taɓa ɗan tayi musamman daga sati na 6 zuwa na 12. Kuma in za ka ƙi umarnin babba, ƙi shi da biro, ka sa kwanan wata da lokaci, tunda wasu kunnensu ba ya ajiye abin da aka faɗa a baranda.

Jan tambarin da nake manna wa a fayil ɗin duk mai bawul ɗin ƙarfe yana durowa ta biyu, da kuɗina nake saye, babu wanda ya taɓa tambayar daga ina yake fitowa. Ita kuma baiwar Allahn nan ta koma wafarin, ranar Talata take zuwa, INR ɗinta na ƙarshe 3.1 ne. Duk wanda ya gaje ni ya riƙa ɗibar jinin a hannun dama, kuma ya tambaye ta ko cikinta ya ɓaci.