Daga mil 50 zuwa 60 a wurin aikin hanya: abin da na gani ina kan tirela a M1

Tuƙin tirela ne sana'ata a Ingila. Ina lodin kayan kantuna a manyan ɗakunan ajiya na yankin Northampton, in kai Luton ko bakin Landan, saboda haka kusan duk abincina a kan babbar hanyar M1 nake nemansa. Lokacin da ake aikin sashen da ke tsakanin mahaɗa ta 13 da ta 16, wato daga wajen Milton Keynes zuwa Northampton, tsawon kimanin mil 23, na bi shi ƙa'idar gudu tana mil 50 a awa, na kuma bi shi bayan an ɗaga wasu wurare zuwa 60. Da aka fara maganar, yawancin 'yan uwan da na zanta da su cewa suka yi ganganci ne a ƙara gudu inda mutane ke aiki. Abin da idona ya gani ya ɗan bambanta da haka.

Sai mutum ya san yadda wurin yake kafin ya gane zancen. Faɗin layi ɗaya a babbar hanya mita 3.65 ne. Idan aiki ya kankama sai a matse layukan, namu na gefen hagu ya koma kamar mita 3.25, alhali faɗin tirela mita 2.55 ne, ban da madubai. Kafaɗar hanya da ake tsayawa idan mota ta lalace, babu ita, ta shiga cikin filin aiki. Ga kyamarori masu launin rawaya a kan dogayen ƙarafa, kuma ba gudun da kake yi a gabansu suke kamawa ba. Suna ɗaukar lambar motarka a nan, su sake ɗauka can gaba, su lissafa matsakaicin gudunka a tsakani. Wanda ya wuce ƙa'ida, mafi ƙarancin hukuncinsa tarar fam 100 da maki uku a lasisi, in ba a ba shi damar zuwa kwas na koyon kiyaye ƙa'idar gudu a madadin hukuncin ba. Maki 12 cikin shekara uku kan kai ga hana tuƙi. Ga mai ƙaramar mota wannan takura ce, ga irina kuwa tukunyar gida ce za a sauke.

Matsalar mil 50 a maleji take. Dokar ƙasar ta yarda malejin ƙaramar mota ya nuna fiye da ainihin gudunta, amma ba ta yarda ya nuna ƙasa ba, shi ya sa masu ƙera motoci suke barinsa da ɗan ƙari. Direba ya ga allura a kan 50, a zahiri 46 ko 47 yake yi. Wani ma tsoron kyamara ya sa ya sake ragewa ya koma 43. Mu kuwa gudunmu na'urar takogiraf, wadda ke rubuta gudu da tsawon lokacin tuƙi, ce ke auna shi, ana kuma daidaita ta a wurin gwaji, don haka 50 ɗinmu 50 ce ko dab da ita. To ka ga tirela mai nauyin tan 44 tana tafiya daidai ƙa'ida, a gabanta ga ƙaramar mota da mai ita ya tabbata shi ma daidai ƙa'ida yake, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ta raguwa. Ko dai in taka birki, na bayana ma ya taka, abin ya yi ta tafiya har baya, ko in sa sigina in fita layi na biyu a wurin da madubina da na wata babbar mota suke kusan gogar juna. Doka ta hana mu shiga layin ƙarshe na dama, don haka zaɓin namu ke nan.

Na sha kallon fuskokin mutane ta gilashin gefe idan na zo wucewa. Tsohuwa ta riƙe sitiyari da hannu biyu, idonta na kan maleji da madubi, ba ya kan hanya. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Wasu abokan sana'armu suna manne wa irin waɗannan motoci har da kunna musu fitila, kuma wannan zalunci ne, kowace irin gaggawa mutum yake ciki. Hukumar manyan hanyoyin Ingila ta ce bin mota kurkusa yana da hannu a ɗaya cikin takwas na raunuka da mace-mace a hanyoyinta.

Da aka ɗaga allon zuwa 60, abu na farko da na lura shi ne ƙafata ta huta da birki. Dalili kuwa a fili yake. Kowace tirela tana da na'urar taƙaita gudu da ke tsayar da ita a mil 56, wato kilomita 90, ko ka take totur har ƙasa. Mai ƙaramar motar da malejinsa ya nuna 60 yana yin 56 ko 57 na gaskiya, sai ya zamana ko dai muna tafiya tare, ko yana ɗan tsere min. Ba na cim masa, ba na bukatar sauya layi, shi ma ya daina ganin hancin tirela ya cika masa madubi. Manyan motoci suka koma layinsu na hagu suka jeru, ƙanana suka riƙa wucewa ta dama salin-alin. Har motsin kayan da ke bayana ya ragu, domin lodi ba abin da ya ƙi kamar a yi ta ja ana tsayawa.

Hukumar manyan hanyoyin, wato Highways England, wadda aka sauya wa suna zuwa National Highways a 2021, ba da ka ta yi wannan ba. Tun a wani gwaji na farko-farko an gwada mil 60 a hanyar M5 tsakanin mahaɗa ta 4a da ta 6, da mil 55 a hanyar M3, aka ɗaura wa direbobi 36 agogon auna bugun zuciya. A sashen mil 60, kashi 60 cikin ɗari bugun zuciyarsu ya sauka. Ni dai mutum 36 sun yi min kaɗan a ce da su aka kafa hujja, amma abin da suka ji na san shi a jikina. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wurare takwas, ciki har da namu na M1, da M4, da M6, da M20. A watan Yulin 2020 hukumar ta sanar cewa za a iya amfani da 60 a duk inda aka tantance babu haɗari. Ta ce a wuraren gwajin an rage wa matafiya kusan awa 3,780 a kowace rana, kuma masu bin ƙa'ida sun ƙaru.

Maganar lokacin nan kada ta ruɗi kowa. Mil goma a gudun 50 minti 12 ne, a gudun 60 minti goma. Ni da nake tsayawa a 56, ribar ma ba ta kai haka ba. Sai dai doka ta ce bayan tuƙin awa huɗu da rabi dole mu huta minti 45, kuma takogiraf ba ta san uzuri ba. Minti uku na iya zama bambanci tsakanin isa tashar hutawa da neman wurin rakuɓewa a gefen hanya. Duk da haka, ba don mintoci nake goyon bayan sauyin ba. Natsuwar da hanya ta samu ce ta gamsar da ni.

Akwai kuma waɗanda ba a cikin mota suke ba, kuma su ne suka fi tsaya min a rai. Ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta yi adawa da ƙarin gudun tun farko saboda ma'aikatan hanya, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Littafin dokokin hanyar Birtaniya ya ce ƙaramar mota a busasshiyar kwalta tana bukatar mita 53 kafin ta tsaya daga gudun 50, daga 60 kuwa mita 73. Ƙarfin karo ma yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. Da dare nakan wuce su cikin rigunansu masu ƙyalli, ana ruwa, ana sanyi, wani ya sunkuya yana ɗaure ƙarfe, iskar motata tana kaɗa masa riga. Inda aka girke shingen ƙarfe ko na kankare tsakaninmu, hankalina kwance yake da 60. Inda kuwa robobi masu tsini kaɗai aka jera, ko hanya ta karkace an tsallaka da mu hannun masu tahowa, ko akwai ƙofar da motocin aiki ke fitowa a hankali ɗauke da tsakuwa, ko allo bai ce ba ni da kaina nake sassautawa. Shi ya sa nake ganin daidai ne da ba a mayar da 60 doka ta bai-ɗaya ba. Injiniyoyi ne ke duba kowane sashe, wani wuri a bar shi a 50, wani ma a sauke shi zuwa 40.

Wani ƙanena da ke jan tirela tsakanin Kaduna da Kano ya ji labarin ya ce ashe su Turawa sun gane gudu ba ya kisa. Na ce masa a'a, Malam, ka sake sauraro. A inda ake aiki aka haɗe masu zuwa da masu komowa a hannu ɗaya, ba shinge, ba fitila, ba kyamarar da ke tilasta kowa bin gudu ɗaya, wannan lissafin bai shafe ka ba ko kusa.

Ga wanda zai fara bin irin waɗannan wurare, abin da nake yi ke nan. Ina saita gudun motar tun kafin in shiga, don idona ya zauna a kan hanya. Ina barin tazarar daƙiƙa biyu mafi ƙaranci, in ana ruwa in ninka, kuma da lodi a baya nakan ƙara a kan haka. Ina karanta kowane allo, domin 60 na iya komawa 50 bayan mil biyu, kyamara kuma da sabon allon take lissafi. Idan mota ta lalace maka a cikin sashen aiki, ka kunna fitilun gargaɗi, ka matsa hagu iya yadda za ka iya. A manyan ayyuka akwai motar janwe da ke ɗauke ka kyauta zuwa wuri mai aminci, amma kada ka shiga filin ma'aikata da ƙafa kana neman taimako. In ka tsaya a tsakiyar layi kuma fita ba za ta yiwu ba, ka bar bel ɗinka a ɗaure ka kira lambar agajin gaggawa ta 999.