Takardar da na buga sau uku a dare guda

Makon jiya na je ƙauye gaida kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya sa ni in ciro masa takardun fansho daga cikin adakarsa, ina cikin tono sai ga wata takarda a ninke huɗu, ta yi ja saboda ƙura. Ina buɗewa na gane ta, don ni na buga ta da hannuna a shagona na Tawa, ƴan makonni kafin zaɓen 13 ga Disamba 2020. Jerin sunayen ƴan takarar kansila ne na wata jam'iyya a karkararmu. Sunan kawu yana nan a layin hagu, an ja masa biro ja, an yi kibiya zuwa layin dama.

Sana'ata buga takardu da fotokofi. Lokacin zaɓe shi ne kakarmu, domin kowane ɗan takara sai ya haɗa dosiye, wato takardun neman takara: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, kaziye (takardar shaidar ko an taɓa hukunta mutum) daga gidan shari'a, hotuna. Shekarar nan kuwa an yi rububi, saboda rabon da a zaɓi kansiloli tun Janairun 2011. Wa'adin shekara biyar ne, amma aka yi ta ƙara shi ana ɗage zaɓe har aka kusa shekara goma. Duk mai jin ya isa a garinsu ya gaji da jira.

Ƴan uwanmu na Najeriya da ke karanta ni, bari in ɗan warware muku, don abin namu ba irin zaɓen ciyaman ba ne. A Nijar, a tsarin wancan lokacin, talaka ba ya jefa wa magajin gari ƙuri'a kai tsaye. Jam'iyya yake zaɓa, a raba kujerun majalisar gari gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, daga baya kansilolin su zauna su fitar da magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Haka aka yi ta yi tun zaɓen Yulin 2004 da ya kafa kwamin-kwamin, wato ƙananan hukumomi, 265. Birane huɗu, Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna da tsari na musamman: akwai majalisar birni, akwai kuma gundumomi, biyar a Yamai, biyu a nan Tawa. Saboda haka ainihin kokawar ba a rumfar zaɓe ake yin ta ba. Ana yin ta a zauren wani Alhaji da dare, inda ake tsayar da wanda zai shiga lista, wanda zai zama mai kujera, wanda zai zama siplayan wato mai jiran gado, da wanda jam'iyya ta yi wa alkawarin gyale mai launin tuta idan an yi nasara.

Kawu malamin lakkwal ne da ya yi ritaya, duk karkarar Mushe ake ce masa. Rabin waɗanda suka iya rubuta sunansu a ƙauyuka biyar na kewaye, shi ya kama musu hannu. Tun damina mutanen reshen jam'iyya suka yi ta zuwa har gida suna roƙonsa ya fito, suka ce shi za su ba magajin gari. Ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya yarda. Ya sayar da tunkiya biyu ya haɗa dosiye.

Ranar da za a rufe lista, wajen la'asar, sakataren reshe ya kawo mini sunaye na buga. Kawu na layin hagu, na farko. Bayan isha'i sai ga mota kat-kat fara daga Yamai ta tsaya ƙofar gidan da ake taron, ƙura har rufinta. Honorabul ne ya iso, depite wato ɗan majalisar dokoki mai ci, ɗan karkarar, wanda rabon da a gan shi tun ta'aziyyar wani basarake. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sakatare ya dawo yana share gumi, ya ce a sake. An saka sunan Honorabul a sama, kawu ya sauko. Ina cikin bugawa kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, na tada gurup na janareta. Ƙarfe biyu saura ya sake ƙwanƙwasa mini ƙofa, wannan karon da biro ja a hannu, ya kasa haɗa ido da ni. Wai ƙauyen kawu da na Honorabul ɓangare guda ne, ba za a ba su masu kujera biyu ba, kuma ga dokar kason mata da aka ɗaga zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2019, dole a buɗa wuri. Ba a taɓa yaran Honorabul ko guda ba. Mushe aka mayar siplayan.

Kuɗin aikin jaka uku ne, har yau ba a biya ni ba, amma wannan na yafe.

Abin da ya tsaya mini a rai maganar da aka yi a zauren ce, wadda wani yaro ɗan kabu-kabu da ke raba shayi ya ba ni labari, mutum uku kuma suka tabbatar mini. Wani matashi ya yi ƙarfin hali ya ce, ranka ya daɗe, tunda mulkin gari kake so, za ka aje ta majalisa ke nan? Honorabul ya yi dariya ya ce: “Yaro, ba a sakin reshe a kama ganye.” Aka yi dariya tare da shi. Ni kuwa da na ji, sai na ce to madalla, ya faɗi gaskiyar da ke ransa. Garin da kawu ya sayar da tumaki dominsa, wurin Honorabul ganye ne. Zaɓen ƴan majalisar dokoki kuma ranar 27 ga Disamba ne, mako biyu kacal bayan na kansiloli, sunansa na cikin wancan jerin ma. Ya kafa tarko biyu, duk wanda ya kama riba ce.

Duka biyun suka kama. Da aka zo zaɓen magajin gari cikin 2021, kwana biyu kafin zaman aka kwashe kansilolin jam'iyyar aka kai su wani gida a nan Tawa, aka karɓe wayoyinsu, ana ta kai musu gasasshen nama, kada abokan hamayya su saye wani da dare. Aka yi zaɓe, ya ci.

Daga nan sai zaman jira. Majalisar dokoki ta lokacin tana zama sau biyu a shekara, kowane zama watanni ne, ban da tafiye-tafiye. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ka bi Ƙonni, ka bi Dogon Dutsi, ka bi Doso. Mataimaki na farko, wani bawan Allah mai haƙuri, shi ke buɗe ofis kullum, ya sa hannu a takardun haihuwa, ya raba rigimar makiyaya da manoma a kan burtali. Amma duk abin da ya shafi fitar da kuɗi, sai a ce a jira mai gari. Famfon kasuwa ya lalace, mata suka koma rijiya wata da watanni, alhali kowace ranar kasuwa yaran meri, wato ofishin magajin gari, suna nan da tikiti suna karɓar dala ashirin ashirin a hannun masu tallan ƙuli. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Ban ce mutumin ɓarawo ne ba, ban ga ya ɗauki ko dala ba. Ba ya nan ne kawai.

Abin mamaki, dokokinmu na lokacin sun san da wannan matsalar a wasu wurare. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya hana mutum ya zama minista kuma depite lokaci guda: in aka ba ka minista, siplayan ɗinka ya hau kujerar. Depiten da ya fice daga jam'iyyarsa da kansa ma ya rasa kujera. Amma haɗa depite da magajin gari an bar shi a buɗe, har suna gare shi, depite-mer. Oumarou Dogari, wanda ya shugabanci majalisar birnin Yamai daga 2011 har gwamnati ta sauke shi a 2013, da ya dawo a 2021 da wannan laƙabin ake kiransa a rediyo da jarida. Ko da yake shi a Yamai majalisar da ofishin magajin gari duk cikin gari guda suke, yana iya yin hantsi a nan ya yi azahar a can. Na Adar, yankinmu na Tawa, fa? Daga Faransa muka kwaso al'adar, su kuwa masu abin sun yar da ita: dokar Fabrairun 2014 ta hana ɗan majalisarsu riƙe magajin gari, ta fara aiki a 2017. Mai riga ya tuɓe, mu da muka ara muna ta karkaɗe ta.

Mu da ke kusa da iyaka muna jin siyasar Najeriya kamar ta gidanmu. A Mayun 2022 Buhari ya ce duk ministan da ke son takara ya aje aiki kafin zaɓen fid da gwani, bisa sabuwar dokar zaɓensu ta shekarar. Rotimi Amaechi ya bar ma'aikatar sufuri, ya shiga, ya zo na biyu bayan Tinubu, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. A fadarmu wasu dariya suka yi masa. Ni burge ni abin ya yi, domin takara ke nan: ka sa wani abu naka a ƙasa. A nan gida ma Bazoum ya bar ma'aikatar cikin gida a Yunin 2020, wata shida kafin zaɓen shugaban ƙasa, kuma kowa ya ga dacewar haka, tunda gwamnoni da firefe, wato kantomomi, duk ƙarƙashin wannan ma'aikatar suke. To in an yarda da hujjar a sama, me ya hana ta sauko ƙasa?

Akwai abokina a fada, majo ne, wato babban nas, a wani gidan likita, kullum muka taɓo zancen sai ya taso mini. Ya ce kai dai kana jin haushin abin da aka yi wa kawunka ne. In aka ce kowa sai ya aje aiki kafin ya nemi kujera, wa zai iya? Malamin makaranta mai ƴaƴa takwas ba zai jefar da albashinsa don kujerar da ba shi da tabbas a kanta ba. Sai filin ya zama na manyan ƴan kasuwar albasa da waɗanda suka dawo daga Abijan da jakunkuna. Kuma, in ji shi, magajin gari da ke zaune a majalisa ya san ƙofar ministoci, yana iya jawo wa garinsa aji shida ko rijiyar burtsatse.

Maganarsa ta farko gaskiya ce, kuma ba ita nake nufi ba. Malami ko majo ba su riƙe da komai da zai tsorata wakilan reshe, a ba su hutun aiki su yi takara, in sun faɗi su koma aji. Ina magana ne a kan wanda jama'a suka riga suka ba amana da ƙuri'a, ko wanda ke riƙe da hatimi da motar gwamnati da bon na mai. Irin wannan in ya shigo zaure, ba muhawara ake yi ba. Kowa a wurin yana da ɗa da ke neman aiki, ko ɗan uwa da ke son a yi masa canjin wurin aiki, ko bashin da yake fata a biya masa. In ana babbakar giwa wa ke jin ƙaurin zomo? Kuma in ya faɗi bai yi asarar komai ba, gobe ya shiga kat-kat ɗinsa ya koma kujerarsa. Kawu kuwa tumakinsa sun tafi. Ni a ganina, ranar da ka kai dosiyenka neman wata kujera, a ranar takardar murabus ɗinka daga ta farko za ta shiga, siplayan ya hau, kuma ba kome. Magajin garin da ke neman zarcewa kan kujerarsa daban ne, ba a ce ya sauka ba, amma motar meri ta kwana a gareji har a gama, kuma kada a raba fili ko guda cikin watannin kamfe.

Batun sanin ƙofar ministoci kuwa, ai aikin depite ke nan tun asali. Ba sai ya haɗa da hatimin gari zai nema wa mahaifarsa famfo ba. In sai an ba shi taura biyu zai tuna da mu, to a bakinsa za su tsaya, ba za su taunu ba.

Na san wani zai ce wannan duk cinikin kifi a ruwa ne. Tun Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun gari da na jihohi, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe, a Yamai Kanar Boubacar Soumana Garanké aka ba. A Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. Ba lista, ba zaure, ba mai tada ni ƙarfe biyun dare. Amma ko ba jima ko ba daɗe za a zauna a rubuta sababbin dokokin zaɓe, kuma yanzu da babu wanda ke kan kujera biyu da zai kare, yanzu ne maganar ke da sauƙin faɗi. In an bari sai an sake raba kujeru, masu reshe ne za su rubuta dokar ganye.

Na karanta wa kawu abin da na fara rubutawa a waya, ina tsammanin zai ji daɗi. Ya saurara har ƙarshe yana jan casbi, sannan ya ce: “Ɗana, mi kaka nema ga wagga tsohuwar takarda? Ni dai tumakina nika tunawa, guda tana da ciki.” Ya ce in ninke ta yadda na same ta, in mayar ƙarƙashin takardun fansho, in kuma rufe adakar da kyau saboda gara.