Ƙurar hunturu a bakin faiba

Laraba, bayan isha'i.

Gari ya waye da hazo mai kauri, ga sanyi. Wajen ƙarfe tara aka kira ni wani ofis a Bompai, wai tun shekaranjiya intanet ɗinsu sai ya zo ya ɗauke. Na goya yarona a babur muka tafi.

Da na jona mita, hasken da ke isowa ta faiba, wato wayar gilashi mai kai intanet da haske, ƙarfinsa ya faɗi har -29 a ma'aunin dBm, irin layin nan kuwa in ya wuce -27 sai a hankali. Wayar ba ta karye ba, ba ta lanƙwashe ba. Na zare kanektar, wato kan wayar da ake jonawa, koriyar nan samfurin SC, na sa a madubin dubawa. Ƙura ce ta yi wa gilashin zobe, ƙwaya ɗaya ta zauna daram a kan hanyar haske. Faɗin hanyar nan maikiron 9 ne kacal, gilashin duka 125 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Silin gashin mutum ya ninka ta sau da yawa, don haka abin da ido ba ya gani ya isa ya tare ta.

Wani ma'aikacinsu ya ce, "Ai Malam, jiya ma sai da na goge ta tas da hankici." Na ce masa Allah ya saka da alheri, amma gugar ce ta ƙara dagula lamarin. In ka goga busasshen ƙyalle a bakin kanekta, lantarkin gogayya ne ke taruwa, irin wanda ke yin tartsatsi in ka tuɓe rigar sanyi a cikin duhu. Bakin nan tangaran ne da gilashi, wuta ba ta bi ta cikinsu, sai cajin ya maƙale ya yi ta janyo ƙura daga iska. Da damina danshi ne ke kwashe shi. Yanzu kuwa iskar Kano ta bushe ƙamas, ba inda za shi.

Na so yaron ya gani da idonsa. Na goge ta a bushe, muka duba, fes. Na riƙe ta a hannu ɗan lokaci muka sake dubawa, ƙura ta dawo. Ya ce, "Oga, daga ina?" Sai na ɗiga ruwan goge faiba kaɗan a takardar da ba ta barin zare, na ja bakin daga wurin jiƙa zuwa busasshe, ja ɗaya. Laimar ce ke tafiya da cajin. Na share cikin ramin da ake soka kanektar da alƙalamin gogewa, na duba duka ɓangarorin kafin na jona. Mita ta nuna -21.

Na ja masa kunne a kan leƙa bakin faiba da ido, domin hasken da ke bi ta cikinta ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido illa. Murfin roba ma kada ya yarda da shi, zare shi kaɗai yana iya barin caji da datti.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake tura yara aikin faiba ba madubi a jaka. In aka danna kanekta mai datti, ƙurar takan karce gilashin ɓangare biyu, karcen kuma ba ya goguwa, sai dai a yanke a sa sabo. Kuɗin mai ofis ya tafi, yaron ya sha faɗa a kan abin da ba a koya masa ba.

Gobe muna da aiki a Sharaɗa. Takardar gogewa ta kusa ƙarewa, sai na saya tun da safe.